Yadda Ake Ɗora wa Tsohuwar Mota Babban Inji: Misali da Peugeot 504

Duk wanda ya taɓa ɗaukar cikakken lodi a tsohuwar mota ya nufi Jos ta Hawan Kibo ya san lokacin da tunanin sauya inji yake faɗo wa mutum. An taka totur har ƙasa, an dawo giya ta biyu, injin yana ta kururuwa, amma motar tana jan ciki da ƙyar, manyan motoci kuma suna matsowa ta baya. Mai motar yana sauka sai ya wuce gareji ya ce wa bakanikensa a nemo masa inji mai ƙarfi. Aikin yana yiwuwa, kuma idan an yi shi yadda ya kamata mota takan ƙara shekaru masu yawa tana biyan bukatar mai ita. Sai dai abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ɗora injin kansa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Masana'anta ta auna giya da aksul da birki da lagireto da ƙafafun mota ne daidai da ƙarfin injin da ta sa, saboda haka wanda ya ƙara ƙarfi a gaba ya ci bashin da sauran sassan motar za su biya, ko dai ya biya musu da kuɗinsa tun a gareji, ko kuma su biya da kansu a tsakiyar hanya.

Zan yi bayanin ne da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, domin ita ce tsohuwar motar da kusan kowane bakanike a ƙasar nan ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta. Ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka kuma ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, tun bayan Turai ta daɗe da barin ta. Ƙa'idojin da zan kawo sun shafi kowace tsohuwar mota mai ja da ƙafar baya.

A fara da motar kafin a je kasuwa

Tambayar farko ita ce ko injin da ke cikin motar ƙarami ne da gaske, ko kuwa gajiya kawai ya yi. Injin da ringinsa ya cinye, bawul ɗinsa ba ya rufewa sosai, kafiretonsa ya toshe, taimin ɗinsa kuma ya goce, zai iya rasa kaso mai yawa na ƙarfin da ya fito da shi, mai shi kuma ya saba da hakan a hankali har ya ɗauka haka motar take. A sa gejin auna matsin silinda a kowane ramin fulogi yayin da injin yake da ɗumi, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik. Idan silinda ɗaya ta yi ƙasa da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai ciwo a ciki. Injin Fijo yana da sauƙin jinya a nan, domin silif ɗin da fiston yake gudu a ciki zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an kai bulok wurin tona ba. Na ga mutane da dama da suka zo neman babban inji, aka yi wa nasu cikakken gyara, suka fasa sauyin.

Idan an tabbata ƙarin ƙarfi ake bukata, sai a koma kan jikin motar. A ɗaga ta, a shiga ƙasa da fitila da ƙaramar guduma, a ƙwanƙwasa ƙarafan shasi biyu da suka taho daga gaba, da wurin da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji yake ɗaure, da saman shokozoba na gaba, da daɓen motar. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ya yi ƙara maras rai, wani lokaci ma ɓarɓashi ya zubo wa mutum a fuska. Motar da ta taɓa yin mummunan karo aka miƙe shasinta da wuta, ko wadda tsatsa ta riga ta cinye waɗannan wurare, ba ta cancanci babban inji ba, kuma babu kwalliyar fenti da za ta canza wannan hukunci.

Zaɓen inji

Ina kasa injinan da za a iya sa wa 504 gida uku, kuma wahalar aiki da kuɗinsa suna ninkawa daga wannan gida zuwa wancan.

Gida na farko shi ne na 'yan ɗaki ɗaya. Injin 504 mai cc 1796 (cc ma'aunin girman cikin silinda ne, 1000 lita ɗaya), wanda ake kira XM7, da mai cc 1971, wanda ake kira XN1, asalinsu guda ne da injin 404 mai cc 1618. Tsakanin na 1796 da na 1971 tafiyar fiston ɗaya ce, milimita 81, faɗin silinda ne kawai ya tashi daga milimita 84 zuwa 88. Saboda haka wanda yake da ƙaramin ya koma lita biyu zai tashi daga ƙarfin doki kusan 80 zuwa sama da 90, ba tare da ya yanka ƙarfe ko ya yi walda ba, domin mazaunin inji da bakin giya duk suna haɗuwa. Wannan injin na lita biyu ya ci gaba da fitowa a cikin 505 wadda ta zo a 1979, don haka samunsa da kayan gyaransa ba ya wahala. Ga mai motar haya, ko magidancin da yake so motarsa ta ja lodi ba tare da numfarfashi ba, a nan nake ba da shawarar a tsaya.

Gida na biyu shi ne na 'yan uwa na nesa, wato injinan da kamfanin ya sa a wasu motocinsa masu kama da wannan. Akwai na 505 GTi mai cc 2165, na alminiyam, mai aiki da nozul maimakon kafireto, wanda yake ba da ƙarfin doki 130. Akwai kuma V6 mai silinda shida da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera, wanda ya fara fitowa a 1974 da cc 2664, aka sa shi a 504 mai ƙofa biyu, irin wadda ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1978, daga baya kuma ya girma zuwa cc 2849 da ƙarfin doki 170 a cikin 505. Waɗannan suna shiga, amma sai an zo da giyarsu da ƙafafun zamansu da wayoyinsu, an kuma yi awo mai yawa. A lura da cewa V6 na 505 yana murɗa farfela da ƙarfin da ya kai kusan Nm 235 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), alhali na lita biyu bai wuce kimanin 160 ba, kuma wannan ƙarfin murɗawar ne yake karya haƙoran giya ya ƙone kuloci, ba adadin dawakai ba.

A cikin wannan gidan ne injinan dizal suke, kuma suna koya mana cewa girman inji daban, ƙarfinsa daban. Dizal na 504 mai cc 2304 ya fi na fetur mai lita biyu girma, amma ƙarfin dokinsa 70 ne kawai. Yana da juriya da tsimin mai da jan lodi a ƙaramin gudu, sai dai ya fi nauyi, yana bukatar babban batir, ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, kuma ba ya samar da zuƙar iskar da tukunyar birki take aiki da ita sai an haɗa masa famfonta na musamman. Wanda ya manta da wannan famfon zai taka birki ya ji shi kamar dutse.

Gida na uku shi ne na baƙi, wato injin wani kamfani daban, kamar na Toyota mai lita 2.7 da ke cikin Hilux da Hiace, ko V8 mai silinda takwas da lita huɗu da ya fito a Lexus LS400 a 1989 da ƙarfin doki 250. Injina ne nagari ƙwarai, amma 504 tana da halaye biyu da suke sa karɓar baƙo ya yi mata wuya. Na farko, injinta a kishingiɗe yake zuwa dama da digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa, kuma injin da yake tsaye cak zai nemi ya taɓa bonet. Na biyu, a salun ɗin 504 farfela tana gudu ne a cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa wutsiyar giya da aksul ɗin baya, wannan bututun kuma yana cikin abin da yake riƙe da inji da giya a mazauninsu. Duk wanda ya sa baƙuwar giya ya rabu da wannan tsarin ke nan, sai ya ƙera wa giyar mazauni, ya ƙera sabuwar farfela, ya kuma sake tunanin yadda aksul zai tsaya. Wannan aikin ƙwararren maƙeri ne mai injin tona da haƙuri, kuma ban yarda a fara koyon sana'a a kansa ba.

Sayen injin

A Kofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za a tarar da injina jere a ƙasa, an wanke su suna ƙyalli. Shawarata ita ce kada a sayi inji tsirara idan da hali. A nemi rabin mota da aka yanko, ko ma motar da ta yi karo ta baya a saye ta ɗungurungum, domin ƙananan abubuwan da suke cinye kuɗi da lokaci suna jikinta: giya da ƙoƙonta, da fulawil, da kik, da altaneta, da manifol, da ƙafafun inji, da igiyar totur, da tarin wayoyi da soket ɗinsu ba a yanke ba, da birenbos, wato kwamfutar injin, idan mai nozul ne. Idan injin na zamani ne mai makullin kwamfuta, to makullin da abin da yake karanta shi su ma su biyo, in ba haka ba injin zai yi ta juyawa ba zai tashi ba.

Kafin a biya kuɗi, a zare sandar auna baƙin mai a duba, a kuma buɗe murfin zuba mai a leƙa ƙasansa. Idan aka ga wani abu mai kauri launin shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, gasket ko kan injin ya samu matsala. A kwance fulogai a jera su a kan kwali bisa tsarin silindarsu: wanda ya yi launin ƙasa-ƙasa lafiya lau ne, wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ya tafi, wanda kuma ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da datti, ruwa ne yake shiga silindarsa. A sa sifana a notin gaban kuranshaf a juya shi zagaye biyu da hannu, a ji ko yana tafiya sumul da tauri iri ɗaya a kowace silinda. Idan mai sayarwa zai yarda a tayar da shi a ƙasa, a tayar, a saurari ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, a duba launin hayaƙi. Daga nan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da adireshin shagon, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce.

Game da kuɗi, ni dai ina gaya wa duk wanda ya nemi shawarata ya ware wa sauran aikin aƙalla kwatankwacin abin da ya sayi injin, idan kuma gida na uku ya shiga, ya ware fiye da haka. Motoci da yawa da suke kwance a garejoji ƙura ta rufe su, da sabon inji a ciki, kuɗi ne ya ƙare a tsakiyar aiki.

Tun injin yana ƙasa a canza duk abin da zai yi wuyar kaiwa bayan an ɗora shi: sil na bayan kuranshaf, da faranti da faifan kuloci da bodin ɗinsa, da famfon ruwa, da tamostat. Injin 505 mai cc 2165 da bel yake taimin, don haka a sa masa sabo ko da tsohon yana da kyan gani. XN1 da V6 kuwa da sarƙa suke, sai a saurare ta a duba abin da yake ɗame ta.

Awo da zaunar da inji

A cire kan batir, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi a daidaitaccen daɓe, kada a dogara da jak ko bulon siminti, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Kafin a kwance komai a ɗauki hotuna da waya ta kowane gefe, a manna wa kowace waya da kowane tiyo takarda mai suna. Kafin a fitar da tsohon injin kuma a auna abubuwa uku a rubuta: tsayin tsakiyar kuranshaf daga ƙarfen da ya gitta ƙasa, da nisansa daga shasin hagu da na dama, da kuma karkatar inji da giya daga gaba zuwa baya. Sabon injin zai bi wannan layin ne, domin layin da aksul ɗin baya yake jira ke nan.

Bayan an fitar da tsohon an wanke ɗakin injin, sai a haɗa sabon da giyarsa a sauke shi da sarƙar ɗaga kaya a hankali, a bar shi a rataye a inda ake so ya zauna. Wannan saukarwar ta gwaji ce, kuma ba abin kunya ba ne a yi ta sau uku ko huɗu. A zagaya da tef ana duba tazara tsakanin kwanon baƙin mai da ƙarfen ƙasa da rak ɗin sitiyari, da tsakanin manifol da sandar sitiyari da tukunyar birki, da tsakanin kan inji da bangon da ya raba shi da direba, da tsakanin fanka da lagireto. Ko'ina a bar aƙalla santimita 2, kusa da salansa kuma a ninka, domin inji yana motsi a kan robarsa duk lokacin da aka taka totur ko aka faɗa rami. A 504 gefen hagu ne yake ba da wahala, saboda kishingiɗar injin asali ta bar wa sitiyari da tukunyar birki fili a can, V6 kuma da faɗinsa wannan filin yake nema. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallo. Don sanin tazarar bonet, a mulmula laka kamar girman ƙwai a ɗora a kan wuri mafi tsayi na injin, a rufe bonet a hankali, a buɗe, a auna kaurin da lakar ta koma.

A nan ne za a ji wani ya ce, "Maigida, ai ƙarfe ne, in bai shiga ba sai mu ɗan daddake shi." Akwai inda guduma ba ta da laifi, kamar lotsa ramin giya kaɗan. Amma kada a yarda a yanke ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji ba tare da an mayar masa da ƙarfinsa ba, kada kuma a yarda ko kusa a gasa sandar sitiyari ko tayarod da wuta don a lanƙwasa su, ko a yanke su a yi musu walda. Ran duk wanda ke cikin motar a kan waɗannan ƙarafan yake. Idan kwanon mai ne yake taɓawa, a nemi wani kwanon na injin mai ciki a wani gefen, tare da bututun zuƙar mai da ya dace da shi, ko a sake ƙera kwanon ba tare da an rage yawan man da yake ɗauka ba.

Idan sai an ƙera ƙafafun zama, a fara yanka su da kwali, a gwada, sannan a kwafa a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. A ɗiga walda kaɗan a wurin, a fitar da injin, a kammala waldar a waje. Dole roba ta shiga tsakanin inji da shasi, domin injin da aka ɗaure ƙarfe da ƙarfe yana tsattsaga jikin mota a hankali. A motar da take da buɗaɗɗiyar farfela mai kuros, a tabbata karkatar kuros na gaba da na baya sun yi daidai da juna kuma ba su wuce digiri 3 ba, idan kuma an yanke farfelar an rage ko an ƙara tsawonta, a kai ta a daidaita nauyinta, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa a wani gudu, ta cinye bodin ɗin giya da na aksul.

A kuma yi tunanin lissafin aksul. Aksul ɗin a-kori-kura an yi shi ne don jan kaya, yana sa inji juyawa da yawa a ƙaramin gudu. Babban injin fetur a kan irin wannan aksul zai yi ta ihu a kan babbar hanya yana shan mai a banza, dizal kuwa zai ƙure juyinsa tun motar ba ta yi wani gudu ba.

Ruwa da mai da wuta

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji yake ƙonawa ta lagireto yake fita, don haka ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne kai tsaye. Wannan darasin a jikina na koye shi. Lokacin da na mayar da wagon ɗina lita biyu na bar tsohon lagireto saboda ba ya yoyo, ban san rabin hanyoyin ruwansa sun toshe da tsatsa ba. A cikin gari ba ta nuna komai ba. Ranar da na ɗauki iyali a watan Afrilu muka kama hanyar Zariya, muna wuce Kwanar Dangora allurar zafi ta haye, kafin in samu wurin tsayawa tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, gasket ya ƙone, yara suna zaune a gindin bishiya har la'asar. Tun daga ranar nake cewa a sa lagireton da aka yi wa sabon injin ko wanda ya fi shi, a sa masa fanka mai rumfar da take tattara iska, idan ta lantarki ce a haɗa ta da rile da fis da abin da yake kunna ta da kansa. Kada a cire tamostat kamar yadda aka saba yi a garejojinmu, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai yana cin silinda, mai nozul kuma birenbos ɗinsa zai ɗauka har yanzu da sanyi ya yi ta ƙara masa fetur. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya mai hana tsatsa, domin ruwan rijiya yana cin alminiyam.

Wanda ya tashi daga kafireto ya koma nozul ya sani cewa ya shiga wata duniya. Famfon kafireto bai wuce kashi ɗaya cikin uku na bar ɗaya (ma'aunin matsi) yake turawa ba, na nozul kuwa yana kai bar 2.5 zuwa 3, wato kusan ninki goma. Tsohon tiyon mai ba zai ɗauki wannan matsin ba, zai kumbura ya fashe ya fesa fetur a kan manifol mai zafi. A sa tiyon da aka yi don nozul da maɗaurai masu kyau, da matatar mai ta ƙarfe, da bututun da zai mayar da ragowar mai tanki, a kuma haɗa famfon ta rile yadda zai mutu idan injin ya mutu. A sauke tankin a wanke shi, domin dattin shekara talatin da kafireto yake haƙuri da shi zai toshe nozul cikin mako guda. Duk wata walda kuma a yi ta nesa da tanki da bututun mai, da abin kashe gobara a kusa.

Aikin waya a ba wa riwaya wanda ya iya karanta zanen wayoyi, a haɗa kowace waya da dalma a rufe ta, kowane layi da fis ɗinsa. A sa wayar as mai kauri daga inji zuwa jikin mota da kuma zuwa batir, domin rashinta yana sa wuta ta nemi hanya ta igiyar totur ta ƙone ta. Fitilar baƙin mai da gejin zafi da fitilar caji dole su yi aiki kafin motar ta fita, kuma a tabbata abin da yake aika zafi daga injin ya dace da gejin da ke gaban direba, in ba haka ba allura za ta nuna lafiya alhali ruwa yana tafasa. Salansa kuma a faɗaɗa bututunta daidai da injin, a nisanta ta da bututun birki da na mai, a sa farantin kare zafi inda ta matso daɓe.

Birki da ƙafafu

Wannan shi ne sashen da aka fi tsallakewa, shi ne kuma wanda ya fi damuna. Nauyin aikin da birki yake yi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: motar da a da take tsayawa a kilomita 120 cikin awa, yanzu kuma take kai 150, ƙarfin da birkinta zai kashe ya ƙaru da fiye da rabi, duk kuma zafi yake zama a kan faifai. Wasu salun na 504 sun fito da faifan birki a ƙafa huɗu, amma wagon da a-kori-kura ganga ce a bayansu. Kafin motar ta taka titi a sabunta masta da robobin kalifa da tiyoyin birki na roba da fad da layinin, a auna kaurin faifai, a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a sa DOT 4, a riƙa canza shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Idan V6 ko abin da ya fi shi aka sa, a nemi manyan faifai masu ramukan iska da kalifar da ta dace da su, a kuma tabbata gaba ce take fara kamawa kafin baya, domin motar da bayanta ya fara kullewa juyawa take yi a kan titi.

Idan sabon injin ya fi tsohon nauyi, gaban motar zai sunkuya, sitiyari ya yi tauri, shokozoba su riƙa dukan ƙarshe. A auna tsayin gaban daga ƙasa kafin aiki da bayansa, a sa sifirin da ya dace da nauyin, a sabunta shokozoba da bushin da boljoyin, sannan a kai ta saitin ƙafa. Ramukan rim na 504 da 505 huɗu ne a kan da'ira mai milimita 140, wanda ba kasafai ake samunsa a wasu motoci ba, don haka kada a yarda a fafe ramin wani rim don ya shiga. A duba harafin gudu a jikin taya, S na kilomita 180 ne, T na 190, H na 210, a kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Tayarwa da gwaji da takardu

Ranar tayarwa a zuba sabon baƙin mai da sabuwar matata, a cire fulogai, a katse wutar koyil da famfon mai, a buga kik har fitilar mai ta mutu, domin mai ya zaga ko'ina kafin injin ya ɗauki nauyi. Sai a mayar da komai, a kunna makulli ba tare da tayarwa ba, a bi layin fetur da ido da hanci. Idan ya tashi a bar shi a silo, mutum ɗaya yana kallon geji, ɗaya yana leƙen ƙasa, har tamostat ya buɗe, tiyon sama ya yi zafi, fanka ta kama ta kuma saki. A fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, a saita taimin, a kashe, a bari ya huce, a sake duba ruwa da mai.

Gwajin farko a yi shi a hanyar da babu jama'a, a fara da birki a ƙaramin gudu kafin a nemi sanin ƙarfin injin. A ƙara nisa da gudu sannu a hankali cikin kwanaki, ana sauraron duk wani sabon ƙara. Bayan kilomita 500 a sake ɗaga motar a bi notin ƙafafun inji da na giya da na farfela da na salansa, a duba ko wani wuri ya yi ƙyallin gogayya, a canza baƙin mai a kilomita 1000 tun da ba a san tarihin injin ba. Malejin gudu ma a gwada shi da na waya, domin sauya giya ko aksul yana sa shi ƙarya.

Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka da zarar an sauya inji takardun sun daina faɗin gaskiya. A ɗauki rasit ɗin saye a je ofishin lasisin motoci na jiha a gyara bayanin, a kai motar jami'an duba lafiyar motoci su gan ta, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce, domin kada ranar da aka zo neman diyya a ce motar da aka yi wa inshora daban ce. Masu ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram su fi kowa kula da wannan, tun da a can ana gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda. A ɗora farar takarda a kan lambar injin a goga fensir har ta fito, a haɗa da rasit, sannan a rubuta a ƙaramin littafi irin injin da aka sa, da motar da aka ciro shi da shekararta, da irin giya da kuloci da lagireto da fad ɗin birki da famfon mai, a ajiye littafin a aljihun gaban mota, domin bakaniken da zai karɓe ta a wani gari ya san kayan wace mota zai aika yaronsa ya sayo.